Layin Baba a Cikin Fayil

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ka a inda kake neman halalinka. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda, sai dai magani kullum sai an kai ruwa rana kafin ta sha. Gwaggo ta zo mana kwana biyu ta yi mako uku, ka dai san halinta. Baba kuwa babu inda ke masa ciwo, amma yau kwana goma sha ɗaya ke nan bai taka shago ba. Dalilin da ya sa na ɗauki biro na bar waya ke nan, don a waya kai ne mai magana, mu namu to da na'am.

Ka tuna manhajar ƙiyasin da ka saya mana bara, wadda ka ce za ta hutar da Baba daga yin farashin allo da ka. Ka damƙa ta a hannun ƙaninka, wanda tun ranar da ya zauna gaban kwamfuta kowa a layinmu ke kiransa Manaja, shi kuma yana amsawa ba kunya. Duk ƙarshen wata yana tura maka rahoto, aikin sitika na inji ya fito kore, aikin Baba na buroshi ya fito ja wur, wai asara. Kai kuma ka bugo ka ce lissafi ba ya ƙarya, hannun Baba ya yi nauyi, a bar shi ya huta. Yaya, mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗaya yana rubuta allon shagunan mutane, wanda da buroshinsa aka biya maka makaranta, shi aka yanke wa hukunci da launi biyu.

Ran nan da Manaja ya fita kafa allo da hantsi, na bar kantar shagon na zauna a kujerarsa na buɗe cikin abin. Ashe ba wani aljani ba ne. Fayil uku ne kawai take ci take sha da su. Na farko na kaya ne: katako, farantin ƙarfe, fenti, sitika, kowanne da farashinsa da abin da ke lalacewa wajen yanka. Na biyu na ɗawainiyar shago, haya da wuta da sauransu. Na uku na aiki, layi-layi, kowane irin aiki da mintin da yake ci. Ita manhajar ba ta san komai ba, ɗauko wannan take yi ta ninka da wancan ta tofo maka farashi. Abin da ka zuba mata shi za ta dafa. Fayil na farko da na biyu Manaja ya cika su da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Na ukun kuwa ko taɓa shi bai yi ba, yana nan yadda masu manhajar suka aiko shi da lambobinsu na misali.

A ciki akwai layi ɗaya mai suna haruffa, an ba shi minti huɗu kowane harafi. Na yi ta jan shafin zuwa dama har ƙarshe, inda ba wanda ya taɓa leƙawa, sai ga ɗan bayani a rubuce: wannan na harafin da inji ya yanka ne aka manna. Innalillahi! A ƙarƙashin wannan layin ƙaninka yake zuba duk aikin Baba wata tara. Wato ana yi wa mai allo farashin inji, Baba ya yi masa aikin hannu, sannan a auna tsoho da gudun inji a ce ya gaza. Da Manaja ya dawo na nuna masa, sai ya sosa ƙeya ya ce ai harafi harafi ne. Na ce masa jaki da mota ma duk abin hawa ne. Bai ji daɗi ba, ni ma ban yi don ya ji daɗi ba, kuma na gaya masa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

To daga nan laifina ya fara, kuma ba zan ɓoye maka ba. Na buɗe sabon layi na sa masa suna rubutun hannu, don a ba Baba nasa gida a yi masa adalci. Amma layin na buƙatar minti na gaskiya, ni kuma ban san su ba, don ba wanda ya taɓa ɗora wa Baba agogo. Na so in tambaye shi, kunya ta hana ni. A lokacin yana rubuta wa tela allo, telan nan na bakin kwana da ke kawo masa aiki tun kafin a haife ni. Sai na laɓe bayan kantar fenti da waya a hannu, in ya sa buroshi in danna, in ya ɗaga in danna. Na samu harafi shida lafiya lau. Yana jan layinsa a hankali, ɗan yatsansa a dafe da allo, yana ɗan ƙunƙuninsa kamar kullum. A na bakwai ya juyo neman tsumma, muka haɗa ido, ya kalli wayar.

Da ma zagina ya yi. Juyawa ya yi ya ci gaba, amma da sauri. Baba da sauri, Yaya! Ya cika buroshi da fenti fiye da ƙima, jan fenti ya zubo shar daga harafin har ƙasan allo. Tun da nake ban taɓa ganin fenti ya zubo masa ba, kai ma ba ka taɓa gani ba. Ya tsaya yana kallon wurin, sannan ya ɗauki kananzir ya goge allon kaf, har da shidan nan masu kyau. Ya wanke buroshinsa ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe su a tsumma, ya sa hula ya fita tun ba a yi azahar ba. Da yamma Inna ta ce ya gaya mata ya san da naku ku maza biyun, kai da Manaja, amma bai zaci har da ni ba. Na durƙusa gabansa na yi bayani har muryata ta dushe, na ce don in wanke shi na yi. Ya ce ya ji, Allah ya yi mini albarka. Ka san irin wannan albarkar, ta fi mari ciwo.

Duk da haka na ce bari in ƙarasa, ko a samu abin nuna maka. Na zuba abin da na auna a harafi shidan farko, minti ashirin da uku kowane harafi, na sa manhajar ta sake ƙiyasin allon tela. Farashin ya fito ninki uku na sitika. Na sake duba kowane gida ko na yi kuskure, babu kuskure. Da telan ya zo na gaya masa, ya ce wallahi hannun Baba ya fi masa komai, amma ɗinki ba ya tafiya, a yi masa na sitika kawai, kuma don Allah kar a gaya wa tsoho shi ya faɗa. Garin neman gira na rasa ido. Da lambar ƙarya an ce Baba asara ne, da lambar gaskiya kuma an ce ya fi ƙarfin aljihun mutane. Manaja kuwa ranar har da fito yake yi yana yanka sitika, na ji kamar in kwaɗa masa gwangwanin fenti.

Ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, amma kai na fi jin haushi, kuma gara ka ji daga bakina. Ba sayen manhajar ne laifinka ba, na san da kyakkyawar niyya ka yi. Laifinka shi ne wata tara kana karanta ja da kore daga nesa, ba ka taɓa tambayar me ke ƙarƙashinsu ba, ba ka kuma taɓa cewa a ba ka Baba ku yi maganar ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da an tambaye shi, da ya gaya muku tun tuni cewa aikin hannu na ja da baya, don ya fi mu sani, kuma da ya ajiye buroshin da kansa, a ranar da ya zaɓa, da mutuncinsa. Yanzu yana zaune a ƙofar gida yana amsa gaisuwar masu wucewa, in an tambaye shi shago ya ce yara na can.

Shekaranjiya ya kira ni ya tambayi abin da na'urar ta ce bayan na gyara. Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi, na gaya masa komai. Ya gyaɗa kai ya ce to in je in goge wannan layin nasa, kar ya tsaya wa yara a hanya. Jiya na zauna zan cika umarninsa, ina kuka kamar wata yarinya, na danna gogewa. Sai manhajar ta ƙi. Wai kowa na iya ƙara layi, amma ba mai iya gogewa sai da lambar sirrin mai shago, kuma kai ka sa kanka a matsayin mai shago ranar da ka saya. Manaja ya ce in ce ka turo lambar. Kar ka turo, ko ka turo ba zan taɓa ta ba. Layin yana nan, na goma sha takwas a fayil na uku, kuma daga inda kake za ka iya buɗe shi. In gogewa za a yi, ka kira Baba tukuna ka gaya masa da bakinka, sannan ka goge da hannunka.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, da babban ɗanka da ƙannensa, Allah ya raya su. Inna na gaishe ku, Gwaggo ma ta bar saƙon gaisuwa kafin ta tafi, Kawu Direba na tambayarka kullum. Na tambayi Baba ko akwai saƙo, ya ce in ce maka yana lafiya.

Wassalam,
Ƙanwarka, Auta.