Takalman Roba da Na Bar wa Inna

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ciwon gwiwa? Yaya damina?

Na samu saƙonki cewa awakinki shida sun mutu cikin mako guda, har da jar nan da kike shagwaɓawa. Innalillahi! Kin ce majina ce da gudawa. Wallahi tun da na karanta saƙon, abinci ya ƙi shiga. Kin kuma ce akuyar maƙwabciyarki Mai Kitso ce ta shafa musu, har kun daina gaisawa. Haba Inna, shekara talatin katangarku ɗaya! Ki sassauta.

Takalman roba da na bar miki, waɗanda kika ce har ita kin ara wa ranar ruwa, ki ajiye su tukuna, kada kowa ya sa.

Ɗanki,
Auta

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, waccan wasiƙar rabin magana ce. Tsoro ya hana ni ƙarasawa.

Kin san aikina sharar garken da ake tsare dabbobin da aka shigo da su daga waje, har likita ya tabbatar ba su da cuta. Dokar wurin, takalmin aiki ba ya ƙetare ƙofa. A tsoma shi a ruwan magani, a rataye. Ni ne ma mai yi wa sababbin ma'aikata faɗa a kan haka, sarkin iyayi.

Ranar da zan taho gida silifas ɗina ya tsinke, ga mota za ta tashi. Na fito da takalman aiki a ƙafa, ko tsomawa ban yi ba. Da su na shiga garkenki ganin 'yan awakin da aka haifa. Da na tashi komawa na bar miki su, kina ta sa mini albarka. Na dawo na tarar tumakin da muke tsare da su sun fara majina. Na gane tun lokacin, na ja bakina don kada a kore ni. Kunya kamar ta kashe ni, Inna.

Jiya na gaya wa likita komai. Zai turo a yi wa dabbobin unguwarku allura. Maganar aikina kuwa, sai abin da shugabanninmu suka yanke.

Ki yafe mini. Ki ƙone takalman yau. Sannan ki ɗauki wannan takarda ki kai wa Mai Kitso a karanta mata, don ba ita ta kawo mana cutar ba. Awakinta biyu da kika ce sun kwanta ma, da takalman da kika ara mata ta tako cutar daga gidanmu ta kai musu.

Ɗanki mai neman gafara,
Auta