Wayar Inna ce ta yi shiru

Zuwa ga ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, ya zaman Abijan? Da fatan kana lafiya, kai da Rabi da yara. Mu nan Badaguishiri lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Ka kwantar da hankalinka, Inna ba ta yi fushi da kai ba. Tsawon wata guda tana zaune da waya a cinya tana cewa ka manta da ita, har abinci ta rage ci. Ashe mai cajin waya na kasuwa ne ya tausaya mata, ya kunna abin tsimin batir don cajin ya riƙa kai mata kwana uku. Shi ya hana wayar yin ƙara in saƙo ya shigo, ita kuwa ka sani, in ba ta ji ƙara ba, ba ta taɓawa.

Ran Juma'a maigidana ya zo daga Malbaza, ya kashe abin, ya kunna sanarwa. Sai ga saƙonninka na murya jere. Na ƙarshen muka fara ji, inda kake cewa, “Inna, in laifi na yi, ki yafe mini.” Wallahi har ni na yi kuka.

Sauran ta hana a buɗe. Ta ce ɗaya za ta riƙa ji kowace safiya, kada su ƙare.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Rabi. Kuma don Allah ka kira ta. Yanzu tana ji.

Yayarka,
Hadiza