Tagar Baba a Kwamfutar Inna

Gaisuwa buhu-buhu ga Auta da mijinta da yaranta da maƙwabta, har da mai leƙen wasiƙar nan ta bayan kafaɗa, daga Sarkin Aska, wanzamin da ba ya yanka kunne sai da dalili.

Auta, kwamfutar da kika bar ma Inna ta riga Inna tsufa. In an taɓa ta da safe sai azahar take amsawa, tana huci kamar mai hawa bene. Jiya na kulle shago na zauna mata. Ashe tagogi ne a buɗe rututu, sun cinye mata ƙwaƙwalwa. Na bi su ɗaya-ɗaya kamar ina ma yaro ƙwal-kwabo, na rufe kaf, na kashe na kunna. Yanzu gudu take har sai na riƙe tebur. Daga yau Injiniya za ki riƙa ce min.

Yayanki, Sarkin Aska

*

Yaya, ina gaisuwa.

Kaf ka ce? Akwai ɗaya can ƙarshe, bidiyon marigayi Baba yana gyaran fanka yana dariya. Ni na buɗe ma Inna ranar da zan taho, na tsayar a kan fuskarsa. Ba ta iya buɗewa ba, shi ya sa ba ta kashe kwamfutar, murfin kawai take rufewa. Don Allah ka ce min ba ka taɓa wannan ba.

Ƙanwarka, Auta

*

Auta, gaisuwa kaɗan yau.

Na taɓa. Na duba ko'ina cikin abin nan, babu Baba. Inna ko zagina ba ta yi ba, da ma ta zaga. Ta buɗe murfi, ta rufe, ta je kicin, ta dawo ta sake buɗewa. Sau ɗaya ta ce, "Kai, ina ka kai min shi?" Na ce, "Ya ɗan zaga ne, Inna." Ba ta yi dariya ba. Na kwaikwayi dariyar Baba, kin san na iya, sai ta tashi ta bar min falon. Yau a shago na aske ma wani gira ɗaya.

Ina kika ajiye shi?

Yayanki

*

Yaya,

Ba ya cikin kwamfutar. Daga filashina, ɗan abin ajiyar nan da ake soka ma kwamfuta, na buɗe, na zare na taho da shi, hoton ne kawai ya tsaya. Mun sake gida, kaya duk a cakuɗe. Na zazzage akwati biyu ban gani ba, saura ɗaya.

Auta

*

Auta,

Zazzage na ukun yanzu, ki farke shi in ta kama. Inna ta ja kujera gaban kwamfutar, ta ce a bar ta a kunne ko zai dawo. Ni kuma na kasa zama na kasa tsayuwa.

In kin ga filashin, ki ba direban farko da zai taso. Ba na son tsaraba, ba na son gaisuwa. Ki turo min filashin nan.

Yayanki, wanzami kawai