Prunar da Ta Faɗo Ƙasa

8 ga Satumba

Ƙawata Saveta,

Gaisuwa mai yawa a cikin Ubangiji. Yaya gwiwoyinki, yaya 'yarki da yaran? Na ga hoton da kika aiko daga Torino, can Italiya. Kin yi ƙiba, kada ki ce mini rigar ce.

Jikana Natanael ya gama makarantar Littafi tun bara, yanzu shi ne fastonmu. Yaron da na sha kora daga cikin kajina, yau ni ke ce masa amin. Sai dai kin san cocinmu, tsofaffi goma sha takwas, rabi ba sa jin wa'azin. Baikon Lahadi ƙwai ne da wake, ga matarsa Tabita da ciki.

A birni an koya musu wai fasto ya riƙe sana'a, kada ya zauna jiran baiko. Sai ya karɓi gonar pruna, 'ya'yan itacen nan masu zaƙi, ta marigayi kakansa, ya sayi ƙatuwar tukunya yana dafa prunar ta zama majun na shafa wa burodi. Na ce masa, malam mai ilimi, wane gida ne a ƙauyen nan ba ya dafa nasa? Kwalabe na nan jere, ba mai saya, sauran pruna na ruɓewa a ƙasa.

Ya ce idan abin bai yi ba zai tafi ƙasar waje kamar uwarsa. Saveta, shi kaɗai ya rage mini a nan.

Ki gaida mutan gida.

Taki,
Veturia

19 ga Oktoba

Saveta,

Ina fatan kina lafiya, tarin kuma ya sake ki. Mu nan jiki lafiya, zuciya ce babu daɗi.

Ɗan'uwa Gligor, babban dattijon coci, ya ga keken dokin Traian yana fita daga gonarmu shaƙe da pruna. Kin san Traian giya yake dafawa da ita. Ranar Lahadi bayan sujada Gligor ya miƙe a gaban kowa ya ce, “Fasto, da safe kana kiran mutane su tuba, da yamma kana cika wa Traian tukunya?” Gligor fa, wanda kafin ya tuba ni da ke muka taɓa jawo shi daga kwata a buge, da takalmi ƙafa ɗaya. Shekara guda bai taɓa tambayar abin da yaron ke ci ba, amma idonsa ya ƙirga buhunan da ke kan keke.

Natanael ya yi fari fat. Ya dubi Tabita, ya dube ni, ya ce a ba shi mako biyu. Na sunkuyar da kai ina gyara ɗankwalina.

Dattawan coci sun hana shi hawa mumbari har sai an bincika. Ki sa mu a addu'a.

Ƙawarki,
Veturia

12 ga Nuwamba

Saveta 'yar'uwata,

Ina gaishe ki, ina fatan sanyi bai kama ki ba. Zauna kafin ki karanta.

Ni na sayar wa Traian prunar. A ranar, yaron ya je birni neman masu sayen majun. Prunar da ta faɗo ƙasa ce kawai, wadda ko alade sai ya yi tunani kafin ya ci. Da kuɗin na sayo musu itacen hunturu, na ce kyauta ce daga gare ki. Ki yafe mini wannan ma.

Ya gane tun a coci. Da muka dawo gida ya ce, “Kaka, Saveta ba ta taɓa aiko wa kowa ko tsinke ba.” Na ce zan tashi in faɗa musu gaskiya. Ya ce in na faɗa za su hana ni gurasa da ƙoƙon Jibin Ubangiji, ina shekara saba'in da tara, kuma ba zai tsaya ya ga an yi mini haka ba. Na yi masa tsawa, na yi kuka, na kira shi ja'iri. Amma ranar taron coci da ya miƙe ya ce gonarsa ce, laifinsa ne, bakina bai buɗu ba. Ni da ba a taɓa raba ni da magana ba.

Sun sauke shi. Gligor ke karanta mana Littafi yanzu, yana bin layi da yatsa.

Ranar Alhamis zai hau motar Torino, Tabita za ta koma gidan iyayenta har ta haihu. Ki roƙi surukinki ya nema masa aikin gini. Ki ba shi abinci mai zafi, kuma kada ki kira shi fasto, ba ya so.

Lahadin da ta wuce aka yi Jibi. Gligor da hannunsa ya miƙo mini ƙoƙon, ya ce, “Karɓi, 'yar'uwa, Ubangiji ya san irin abin da jikanki ya ja miki.” Na karɓa, Saveta. Na sha.

Ki huta lafiya.

Taki har kullum,
Veturia