Bakina da Auren Dzifa

Lahadi, 3 ga Maris
Bakina ya sake ja mini. Fasto na karanta sanarwar auren 'yata Dzifa da saurayinta Elom, sai sunan gida ya fito sau biyu: mu Tsogbe, su Tsogbe. Daga benci na ɗaga murya na ce an huta, ai kakanmu ɗaya. Coci ta kwashe da dariya, ban da dattawa. An dakatar da sanarwa sai an tabbatar ba tsatson uba ɗaya ba ne.

Litinin, 4 ga Maris
An ajiye mini sakwara ba miya. Uwar Dzifa ta ce, "Baban Dzifa, zuba barkwancinka ka ci da shi."

Alhamis, 7 ga Maris
Na hau acaba daga garinmu Kpalime zuwa tsohuwar majami'ar kan dutse, inda aka ɗaura wa kakana aure zamanin mulkin Jamusawa. Littattafan rajistar aure, gara ta riga ni karantawa. Ni da na tsaya a aji huɗu, rubutun nan kamar kaza ta bi ta kan laka. Elom ya biyo ni. Shi ke karatu, ni ina riƙe shafi ina gyaɗa kai kamar mai ganewa.

Juma'a, 8 ga Maris
Mun sami sunan kakana. Gottlieb Tsogbe, ango. Gurbin sunan uba fari fat. A gefe an rubuta: yaron gidan malam, an zo da shi daga arewa, ba a san danginsa ba. Lokacin, yaron mishan sunan malamin da ya riƙe shi yake ɗauka. Malamin kuwa kakan kakan Elom ne.

Na ce wa Elom ashe sunan gidansu nake ta yawo da shi ba haya. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, in ba ka so a ji, mu ce gara ta cinye shafin."

In gara ta cinye, ba aure. Yaron ya san haka, ya kuma faɗa.

Asabar, 9 ga Maris
Ban fita ba. Ni da nake wa baƙi a kasuwa gorin asali.

Lahadi, 10 ga Maris
Na tashi gaban jama'a na faɗa da bakina, ban ƙara gishiri ba. Wasu sun jira wurin dariya, bai zo ba. Fasto ya ci gaba da sanarwa.

A hanya Dzifa ta karɓi lemata ta riƙe mini, ta tambayi sunan da uwar kakana ta raɗa masa. Na buɗe baki zan ƙirƙiro wani, sai na fasa. Na ce zan nemo mata kafin ta haihu.

"Ba wasa, Baba?"

Na ce ba wasa. Arewa kuwa da faɗi, ko garin ban sani ba.