Abin da Baba yake nema

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Espanya? Ina fatan kai da Hadiza da yara kuna lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu?

Akwai abin da na kasa faɗa maka a waya. Da ciwo ya shanye wa Baba ɓarin jiki, Hausa ta ɓace masa, sai yaren ƙauyen can na Espanya inda ya taɓa yin kiwon tumaki. In an kira salla sai ya ce "kampana". Wannan na gane, ka ce ƙararrawar majami'arsu ce, da ita yake sanin azahar a daji. Amma kwana huɗu yana cewa "boina". Inna ta kawo ruwa, ta kawo fura, yana girgiza kai yana hawaye, har ya cika.

Bayan sadakar bakwai na buɗe akwatinsa, na tarar da tsohuwar baƙar hular ulu, duk ta koɗe. Yaya, ka tambayar mini tsofaffin can ko ita ce "boina". In ita yake nema, ni kaɗai za ka gaya wa, kada Inna ta ji.

Ku sa shi a addu'a. Inna tana gaishe ku.

Ƙanwarka Rabi,
Matameye