Nauyin Inna

Buza, kakar 1941

Zuwa ga yayana Barmo, soja a Dakar. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga ƙanwarka A'i. Malam Attahiru ke rubuta mini, shi ma yana gaishe ka. Muna lafiya, gero ya yi kyau bana.

Bayan haka, Innarmu ta tsiro da wani abu. Ranar da muka gama kwaso gero daga gona, ta sauke damin ƙarshe a bakin rumbu, sai ta tsaya cak, ido rufe. Na ce, "Inna, lafiya?" Ta ce, "Yi kurum, ɗiyata. Ƙasa ta sake ni." Ka san yadda mutum ke ji in ya sauke kaya mai nauyi, wuya ya miƙe, jiki ya yi sakayau kamar ana jan sa sama. To ita ta rantse duga-duganta sun bar ƙasa.

Tun da aka gaya mata ba a zuwa Dakar da ƙafa take yawan kallon sama. Yanzu ta yi nata tunani: in damin gero ya ɗaga ta kaɗan, abin da ya fi shi nauyi zai ɗaga ta da yawa. Kullum da safe sai ta naɗa gammo, ta ɗora tulu cike da ruwa, ta yi ta kewaya gida, sannan ta sauke ta tsaya tana jira. Ta ce ran da ƙarfinta ya kai za ta ga kanta bisa kan gawo, daga nan kuma sai wajenka. Maƙwabta dariya suke yi, ni ma ina taya su. Amma tun tafiyarka ban ga fuskarta da haske haka ba.

Allah ya tsare ka, ya maido mana kai lafiya.

A'i

Dakar, lokacin ɗari

Ƙanwata A'i, na amsa gaisuwa, ina gaida Inna da Malam da duk mutanen gida. Da aka karanta mini takardarki na yi dariya har da hawaye. Ki ce wa Inna in ta taso ta riƙo mini fura, ta bi inda rana ke faɗuwa, in ta hango ruwan da ba shi da iyaka ta sauka, ina nan bakinsa.

Ki ƙyale ta, A'i. Ni ma ina yawan mafarkin ina shawagi bisa kwarinmu, ina ganin rumbuna ƙanana kamar an kife ƙore, ina jin ƙarar tabarya daga ƙasa. In na farka sai in ji ƙafafuna sun yi nauyi, in rasa abin da ke min daɗi.

Sai Allah ya haɗa mu.

Yayanki Barmo

Buza, rani

Yaya Barmo, bayan gaisuwa, raina a ɓace yake da kai. Kai wasa ka yi, ita kuwa kwatancen hanya ta ji.

Ta bar tulu, yanzu dutsen niƙa take ɗauka. Wuyanta ya kumbura, ba ta iya waiwaye sai ta juyo da jikinta duka. Ta kuma bar kewaya gida, tana hawan dutsen da ke bayan gari da shi a ka. Shekaranjiya na bi sawunta, na same ta tsaye a can bakin, kwari shimfiɗe ƙarƙashinta, iska na kaɗa zanenta. Wallahi numfashina sai da ya ɗauke. Ta nuna min wata shirwa ta ce, "Dibi, ko hiffike ba ta kaɗawa. Nan zan aje dutsen niƙan ga, ran da na ji na kai. Barmo ya ce in bi rana."

Kawu Jima ya ɓoye dutsen niƙan, ta aro na maƙwabta. Ni tsoro nake ji, Yaya. Maganarka kaɗai take ji, ka yi mata magana ta hankali tun ba ta taka iska ba.

Allah ya bar zumunci.

A'i

Dakar, bazara

A'i, ki yafe mini. Bayan gaisuwa, ki zaunar da Inna, Malam ya karanta mata wannan sannu a hankali.

Inna, ina durƙusawa ina gaishe ki. Ƙarfi ba ya tayar da mutum sama. Akwai wani Hamidu cikinmu, ɗan kokawa, yana ɗaga ƙarti biyu lokaci guda, amma in ya yi tsalle ƙasa na maido shi kamar kowa, har ya fi mu saurin dirowa. Duk ƙarfin da mutum ya ƙara nama ne, nama kuwa nauyi ne, ƙasa kuma tana riƙon kowa gwargwadon nauyinsa. Abin da kike ji in kin sauke kaya, wuyanki ne ke hutawa.

Tsuntsu ma ba ƙarfi ya fi mu ba. Kin tuna ina yaro ina harbo kurciya kina gasa mini? Ƙashinta rami ne a ciki kamar sarewa, in na ɗora ta a tafin hannu da ƙyar nake jin ta. Rashin nauyi ne ke tashin ta. Mu ƴan Adam mun yi nauyi, Inna, shi ke nan. Don Allah ki ajiye dutsen nan.

Na roƙi lajidan, shugabanmu a bariki, izinin zuwa gida, ya ce ba a sakin kowa yanzu. Ina kewarki ƙwarai.

Ɗanki Barmo

Buza, farkon damina

Yaya, ina gaisuwa.

Inna ta ajiye dutse. Ta sa Malam ya maimaita mata wajen kurciya, sannan ta ce, "Ashe nan ni yi kure. Yaron ga ya san abu." Tun ranar ta bar cin tuwo. Daga baya ta bar fura, yanzu sai kurɓin ruwa. Ba fushi take ba, kullum cikin murmushi. Na yi faɗa, na yi kuka, Malam ya yi wa'azi har ya gaji.

Yau da safe na ɗauke ta in fitar da ita rana, sai na ji kamar jinjiri na ɗauka. Ta dubi fuskata ta ce, "Kin ji ko? Saura kaɗan."

Ka koma wajen lajidan ka kama ƙafarsa. Kada ka ƙara rubuto komai, Yaya. Ka zo.

Allah ya kawo ka da sauri.

A'i